Batirin Injin Baba

…wai wasa dubu a cikin abu ɗaya. Dubu! Ɗan allon lantarkin da bai kai tafin hannuna ba, ya ƙunso shi a leda sai ka ce sabulu, ya zo ya dire mini a kan teburin aiki. Auta ke nan. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, amma wallahi wani lokacin sai in dube shi in rasa ta ina muka haɗa jini. Taron tsintsiya ba shara, wasa dubu babu ɗaya da ke tafiya yadda aka ƙera shi. Sautin kamar ana magana a cikin gwangwani. Ka murɗa sanda, ɗan mutumin da ke cikin gilashi sai ya gama shawara sannan ya juya. Ina Auta zai ji wannan? Mutumin da bai san bambancin ƙafar kafasita da tsinken sakace ba.

Yana waje, jingine da ƙofa, waya a kunne, yana wannan dariyar tasa ta shagon aski. Jira yake. Jiran me? Jira yake in kasa.

Injin Baba… shi kaɗai ya rage daga gidan gem ɗinmu, inda samari ke jefa sulalla a inji su buga wasa. Sauran an sayar, an farfashe, ɗaya ma kaji ke kwana a cikinsa a bayan ɗakin Inna. Wannan kuwa Inna ta yanke hukunci: a kai shagon Auta, masu jiran aski su riƙa bugawa. "Muddin allon ubanku na da rai, a bar shi a ciki. Ranar da ya mutu, ke kuma ki haƙura ya sa nasa." Haƙuri! Yana da sauƙi a bakin wanda bai taɓa ƙona yatsa da dalma ba.

Ga shi a gabana, kore, da ƙamshin tsohuwar ƙura mai ɗumi. Na wanke shi. Na cire kafasitocin da suka kumbura, na bi layukan da tsatsa ta cinye na ɗinke su da siririyar waya, na yi masa 'yar mahaɗa don ya yi magana da sabon gilashi tunda tsohon ya ƙone. Jiya ya kawo hoto tar, har da kiɗan nan na farko — sai da na zauna a ƙasa. Saura batir.

Mugayen da suka ƙera shi, don kada a kwafe musu, sun ɓoye mabuɗin wasan a wani ɗan guntu da batir ke riƙe da ransa. Wuta ta ɗauke masa, shi ke nan, allon ya manta ko shi wane ne, babu mai tuna masa. Na ɗora mitar awon wuta ɗazu, batirin numfashin ƙarshe yake, har ya fara zubar da farin gari a gindi. In na bar shi haka ya tafi shagon aski, kafin wata ya ƙare allon ya mutu, Auta ya samu abin da yake so. To ba zai samu ba.

Aikin ba wuya, tsari ne. A fara maƙala batirin taimako da wayoyin nan masu bakin kada, ja da baƙa, a auna, sannan a yanke tsohon… Ina ƙarama Baba ya ɗora ni a kan akwakun lemo don in kai tebur, hayaniyar samari a bayanmu, sulalla na faɗawa cikin injina ƙil-ƙil. "Kalli hannuna, kada ki kalli fuskata." Hannun nan duk tabon ƙuna. Auta fa? Yana can gaba yana harbin ƙofar kuɗi da ƙafa don ta ba shi wasan banza. Tun yana yaro ɗan a-soka-a-ci ne.

"Yaya, mai motar da zai ɗauki injin fa ya ce yana hanya. Ki daina wahalar da kanki, nawa waya kawai za a soka."

Mtsw. Ko kallo bai ishe ni ba. A soka! Komai na rayuwarsa a soka ne. Ya soka kansa a makaranta ya fito ba komai, ya soka kansa a sana'ar aski, kan mutane duk iri ɗaya kamar an ɗora musu ƙwarya. Ina filayata… ga ta. Shi da ire-irensa, masu farke cikin tsofaffin injina su watsar da allon a bola, su cusa wannan ɗan abin, su manna fitilu masu walƙiya su ce sun gyara. Gyara? Ƙafar batir ɗaya — ƙas. Ka cire wa mutum zuciya ka sa masa rediyo, ka ce ya warke? Ɗaya ƙafar — ƙas. Fito, tsoho, ka yi iya yinka.

Har da ɗumi a tafina. Baba da kansa ya sa shi, na san ɗigon dalmarsa, mai ƙyalli, ba ƙari ba ragi. A kwanakin zaman makokinsa, mutane cike da tsakar gida, na leƙa ɗaki na tarar da Auta da awo a hannu yana auna faɗin injin, wai ya ga ko zai shiga kusurwar shagonsa. Ko kunya. Matarsa na riƙe masa ɗaya bakin awon! Har yau ban manta ba. Shi ne zai koya mini hutu? Shi da ko fis bai taɓa canzawa ba, shi da in ka ce masa ja da baƙa sai ya…

Ja da baƙa.

Wayoyin suna rataye a ƙusa. A naɗe, yadda na naɗe su jiya. Batirin taimako ga shi can kusa da mita, babu abin da ya taɓa shi.

A'a. A'a, na maƙala, ai kullum ina… ban maƙala ba. Innalillahi. Tun yaushe yake hannuna? Yanzu na yanke, ko an jima? Ina ta sambatu da batir a tafi kamar mai jan carbi. Akwai ɗan kafasita a gefen guntun, yakan riƙe wuta na ɗan lokaci — wani ya riƙe, wani bai riƙe ba, ban sani ba, ban taɓa gwadawa ba, wa zai gwada? Sabon batir, ina sabon… ƙarfen liƙi, dalma, maza, maza! Ƙafa ɗaya ta kama. Ta biyu ta kama, mummunan ɗigo, baƙi, irin na 'yan koyo. Hayaƙin ya shiga idona, shi ya sa suke ruwa.

"Kin gama? Kai, Yaya, sannu da aiki. In kunna?"

Fuskarsa sakayau, ba mugunta a ciki ko kaɗan. Ina ma akwai.

Na dafe makunnin da tafina. Hon ɗin mota a waje. Muddin ba a kunna ba, bai mutu ba… muddin ba a kunna ba…

"Dakata tukuna."