Akwatin Gwaggo Sahadatu

Da aka ba baƙin da ba su da takarda sati biyu su bar Ghana, mu mun tsira, amma Gwaggo Sahadatu, ƙanwar babana, sai Nijar. Direban lori ya ce kowa akwati ɗaya, rufaffe, don jera su za a yi. Ita kuwa kan keken ɗinkinta kawai take so ya shiga, da shi take ci.

Katako ya yi wuya a Anloga, unguwar kafintoci. Baba Issifu kafinta ya samo mana falle ɗaya tak, inci arba'in da takwas kowane gefe. Ya ɗauki ma'auni zai je Moshi Zango, unguwar su Gwaggo, ya auna keken, na tare shi. Lokacin ina ajin ƙarshe na sakandare, ina koyon lissafin kalkulas, kaina ya fi kwando girma.

"Baba, ba sai ka wahala ba. Zan fitar da akwatin da ya fi kowanne ɗaukar kaya."

"Krachi, ƙafa na bai ciwo fa," in ji shi. Krachi shi ne ɗan boko a bakin mutanen can.

Na cika takarda da lissafi, na nemo inda cikin akwatin ya daina ƙaruwa: zurfi inci takwas. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya sa zarto.

Da hantsi muka kai tasha. Akwatin ya sha zannuwa da kwanuka har da saura. Aka ɗora keken, ya leƙo sama da faɗin tafin hannu. Aka kwantar da shi, murfi ya ƙi zama. Tsayinsa inci goma sha biyu ne. Nan na tuna ƙa'idar da na tsallake: mai neman mafi girma sai ya san iyakokin da aka ba shi, ya gwada su. Iyakata sha biyu ce, kuma can amsar take. Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai.

Direba ya ce a sauke ƙarfen. Gwaggo ta cire allurar, ta ɗaure a bakin zane, ta miƙa wa uwata keken. Na so ta zage ni.

Da ta hau lori, sai na ji tana ce wa matar da ke gefenta, "Kin ga akwatin nan? Kassim namu ne ya tsara shi, da ilimin boko."