Kaset Marar Salatif

…wannan ma da salatif. Ya ɗora shi a kan 'yan uwansa, ya sake tura hannu cikin kwalin. Ba sai ya kunna ba. Babban yatsa kawai yake gogawa a saman kaset ɗin, in ya ji santsi a kan ramukan nan biyu, shi ke nan, aikinsa ne. Wannan ma. Wannan ma…

Agogunan shagon suna ta tafiya, kowanne da lokacin da ya ga dama. Na bango, na tebur, na hannu da ke kwance cikin gilashi suna jiran masu su. Shekara da shekaru yana gyaran agogo a ɗan shagon nan har kunnensa ya daina jin su, yau kuma duk sun dawo masa. Da yamma za ta zo, in ta tashi daga aiki. 'Yar Gwangwani.

Gwangwani… Har yanzu da sunan yake kiransa, mutumin da aka kai makwanci tun kafin ruwan bana ya sauka. To ai shi ya laƙa masa. Shi kuma ya rama, ya ce masa Alƙali, sunan ya bi shi har masu kawo gyara suna tambayar a wace kotu ya yi aiki.

Jiya a can ta tsaya, daidai inda hasken ƙofa ke faɗuwa, jaka a hammata, ta ƙi zama.

"Baffa, muryarsa ta fara ɓace mini. In na rufe ido ina ganin bakinsa yana motsi, amma ba na jin komai. Umma ta ce duk kaset-kaset ɗinsa suna wurinka."

"Akwai mana," in ji shi. "Babanki ai ba ya iya yin shiru."

Da bakinsa ya faɗa. Ba wanda ya matsa masa. Har da ɗan murmushi — me ya kai shi? Ya manta ne? A'a, ina fa mantuwa. Bai dai taɓa haɗa muryar da salatif ɗin nan a ransa ba sai da ta juya baya.

Hotuna suna da su, cike da gida. Murya ce babu. Mutumin da salularsa 'yar ƙarama ce mai tocila, kira kawai, kana ina, to gani nan, ƙit ya kashe. Saƙon murya kuwa cewa yake yi wannan ai magana da bango ce.

Wani kaset. Salatif ɗin ya yi ja don tsufa, gefensa ya ɗago.

Su huɗu ne. Shi, da Gwangwani mai rarraba wasiƙu a gidan waya, da Tela, da Likita wanda ko allura bai iya ba, kantin magani yake tsaro. Ba unguwa ta haɗa su ba, ba makaranta ba. Waƙoƙin da ba wanda ya sani su suka haɗa su. Tsofaffin faya-fayan garmaho daga wurin 'yan gwanjo, kwali ya yage, ƙura ta ci rubutun. Wata tsohuwa tana waƙar girbi da yaren da ko nahiyarsa ba su sani ba. Masunta suna jan taru suna amshi. Wasu samari 'yan rok masu gashi buya-buya, jitar lantarki tana kururuwa, suka yi faifai ɗaya tal duniya ta manta da su. Doka kuwa ba ta da yawa — kowa ya haɗa kaset ɗinsa ya zagaya hannu-hannu, ba a rubuta sunan waƙa, kuma duk waƙar da aka taɓa ji a rediyo mai ita ya faɗi, sai a yi wata guda ana yi masa tsiya. Duniya ta wuce kaset, ta wuce abin da ya gaji kaset, su suna nan inda suke. Matansu sun yi magana har sun gaji.

Kuma kowa ya sani, ko ba a faɗa ba, kunnen Gwangwani ya fi na kowa. Ina yake tono su? Allah kaɗai ya sani. Amma ɗauka…

Kai, ɗaukar Gwangwani! Sai ya ɗora rikoda a kan matashin kai, ya tura ta gaban lasifikar garmaho, ya daka wa gidan tsawa kowa ya yi shiru, ya danna jan maɓalli. Shi ke nan wai an gama aiki. Komai sai ya shiga. Cokali a cikin kofi. Ƙofar nan tasu mai kuka. Matarsa daga tsakar gida tana tambayar ina ya ajiye almakashi. Jaririya tana tsala ihu — ita, ita ɗin nan mai jaka a hammata. Ga tari, tarin nan nasa mai hawa biyu. Ga shi kansa yana bin waƙar da hanci, ya kauce hanya, ya dawo. In ta ƙare ta yi masa daɗi sai ka ji shi dab da rikoda, kamar a cikin kunnenka yake, ka ji fa, ka ji fa mutanen nan. Duk waƙar kuma kamar daga cikin gwangwanin madara take fitowa.

Ka sayi wayar haɗi. Sau nawa ya gaya masa? 'Yar waya ce, ka soka nan a garmaho, ka soka nan a rikoda, sauti ya bi ta ciki, ba ruwansa da ɗaki. Ka sayi waya, Gwangwani. Ka sayi waya, kana ɓata wa bayin Allah waƙa. Har kirari ya zama, Tela na hango shi zai fara.

Wata mata ta leƙo da agogon hannu, batir take so. Ya karɓa, ya maƙala gilashin ido ɗaya, ya buɗe bayan, hantsaki ya ɗauko, hantsaki ya ajiye. Ya sa batir, ya rufe, ya miƙa mata. Ta tafi. Ko ta yi sallama, bai ji ba.

Ba ya jin komai, gaskiyar magana ke nan. Ko ranar rasuwar ma bai ji ba. Tela ya yi kuka kamar yaro, Likita ya dafa bango, shi kuwa yana tsaye a barandar asibiti yana lura da cewa agogon bangonsu yana baya. Ya jira abin ya zo daga baya, kamar yadda ake cewa yana zuwa. Shiru. Yana ci, yana barci, yana buɗe shago. Kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta.

Shagonsa ne mafi kusa da gidan waya, saboda haka ta hannunsa kowane kaset ke fara bi. Shi kuwa ba zai iya ba. Tsakani da Allah ba zai iya miƙa wa Tela waƙa irin wannan da tari a tsakiyarta ba. Sai ya je ya aro faya-fayan, ya goge su tas, ya jera su yadda Gwangwani ya jera, bai taɓa canja masa ko guda ba, wannan kam a shaide shi — ya soka wayarsa, ya sake ɗauka. A kan kaset ɗin. A kan shi dai wannan ɗin, don kar a ce kaset biyu ke yawo.

Gwangwani ya gano, ya koma ɓalle 'yan harsunan nan biyu na saman kaset, waɗanda in babu su jan maɓalli ba ya dannuwa. Wai ya kulle ƙofa. To wa za a nuna wa dabara? Ɗan salatif a kan ramin, maɓalli ya danna lafiya lau. Ya zama wasa. Ya ɓalle, ya liƙe. Ya ɓalle, ya liƙe. Gwangwani ya zo ya shafa saman kaset ɗin ya ƙyalƙyale da dariya, wai Alƙali ya sake yi masa wanka.

Sau ɗaya ne bai yi dariya ba. A kan bencin nan yake zaune, jakar wasiƙu a cinya, yana jujjuya kaset ɗin.

"Ka riƙa bar mini ko tari ɗaya mana."

Me ya ce masa? Ya tuna. Cewa ya yi tari ai asibiti ake kai shi.

Wannan ma salatif. Wannan ma.

Da safe ya kira Tela. Keken ɗinki yana ta surutu a bayansa, ya ce haba Alƙali, ai duk ta wurinka suke biyowa, mu mun taɓa jin na gwangwanin ne in ba a bakinka ba? Likita kuwa nasa ruwa ya ci su tun shekarar da rufinsa ya yi yoyo, kuma da ma wankakku ne. Wankakku. Haka ya ce, ba da wata manufa ba.

Kwalin ya kusa ƙarewa. Gindinsa ya bayyana, da mataccen kyankyaso da murfin biro. Shekarun mutum ke nan a jere a kan teburi, kowace waƙa garau, ba ƙura, ba ƙofa, ba almakashi. Aiki mai kyau. Wa zai ce ba aiki mai kyau ba ne?

Aljihun tebur —

Ya tsaya. Akwai ɗaya. Na ƙarshe, wanda Gwangwani ya kawo ana saura kwanaki ciwon ya kwantar da shi. Ya ajiye a kan gilashin nan yana wani murmushi, ya ce wannan karon Alƙali ba zai sami abin faɗa ba. Cika baki, da ma ya saba. Lokacin aiki ya yi yawa, ya jefa shi aljihun tebur da niyyar sai ranar hutu. Sai asibiti. Sai barandar nan da agogonta mai baya. Bai ƙara buɗe wajen ba.

Ga shi, ƙarƙashin tsofaffin madauran agogo. Ya goga yatsa.

Ramuka biyu. Wayam. Ba salatif.

Ya zauna. Wani abu ya ɗan motsa a ƙirjinsa, kaɗan, ya koma ya kwanta. Ya sa biro ya ɗaure zaren don kar rikoda ta tauna shi, ya hura, ya saka, ya rufe. Ko tari ɗaya. Ko almakashi. Ba ya roƙon ka ji fa, wannan ya yi yawa, tari ma ya isa, zai ce mata ga babanki, ta tafi da shi gida.

Jita ce ta fara, ita kaɗai, a hankali. Sai muryar wani dattijo, can ƙasa, kamar mai ba jikansa labari. Kyau kam… ina ya samo wannan? A nan ne zai fara bi da hanci. Yanzu. Bari amshi ya zo, ba ya iya haƙuri da amshi.

Amshi ya zo ya wuce.

Agogunan ne. Su suka cika wurin, mutum ba ya jin komai. Ya tashi ya kama abin lilon babban na bango, ya tsaya. Ya zare batirin na kusa da shi. Na tebur ya kifa su cikin tsumma. Ɗaya bayan ɗaya, shagon da bai taɓa yin shiru ba ya yi tsit, sai motocin titi can nesa. Ya murɗa sauti har ƙarshe, ya kara kunne a jikin lasifika.

Waƙa ta biyu, 'yan rok, ganga kamar ana rushe gini. Ta uku, mata suna tafi. Kowace tsirkiya ta jita yana jin ta daban. Har numfashin mawaƙin yana ji, mutumin da bai sani ba, wanda wataƙila ya mutu tun kafin a haifi 'yar nan. Numfashin wani. To ina ƙofar? Ba a buɗe ƙofa a gidan ba ranar? Ba wanda ya sha shayi? Ina gwangwanin — me ya sa sautin ya…

Garau.

Ya ɗago kunnensa.

Alƙali ba zai sami abin faɗa ba.

Ya sayi wayar. Ashe Gwangwani ya sayi wayar. Da tsufansa, da tarinsa, ya shiga kasuwa ya nemo ta, ya tsuguna bayan garmaho yana laluben ramin, wataƙila har ya kira wani ya nuna masa. Don shi. Don ya ajiye a kan gilashin nan ya yi murmushi. An yi ta gaya masa shekara da shekaru, ya ji magana.

Kaset yana ta juyawa. Bai kashe ba. Waƙar ta kai ƙarshe, tafin ya lafa, sai —

Ƙas.

Sai wata ta fara.

Ya mayar baya kaɗan. Tafi, tafi, shiru… ƙas. Maɓallin tsayarwa ne. Ana danna shi a hankali, da tsokar yatsa, ya nuna masa ya fi a ƙirga. Gwangwani kuwa kullum kamar mai kashe kunama. Wannan kam, waya ba ta hana shi shiga ba. Yatsansa ne. Babban yatsan nan mai tabon tawadar hatimi.

Ya sake mayarwa. Ƙas. Ya sake.

Ana ba 'ya wannan? A ce mata zauna, kasa kunne, bari waƙar ta ƙare, yauwa, kin ji? Shi ne. In ta ce sauran fa, Baffa? Sauran…

Hasken ƙofa ya ragu. Inuwa ce a kan gilashin, da jaka a hammata. Da wuri ta tashi, ko kuwa yamma ce ta yi? Ya duba bango, duk agogunan a tsaye suke.

"Baffa, an samu?"

Yatsansa yana kan maɓallin. Waƙar ta kusa ƙarewa.