Ranar Taguwar Tasalla

A bazarar shekarar da soja suka miƙa mulki, rijiyar unguwarmu a Zugu ta yi ƙasa har sai an ƙulla igiya biyu, abin da ake jawowa kuma rabinsa laka ne. Mutanenmu kuwa in ruwa ya yi wuya sai sun nemo mai laifi. Suka nemo taguwar Tasalla.

Tasalla tsohuwa ce. Mijinta Makau ya rasu bai bar mata komai ba sai wannan raƙuma da garmar huɗa. Da damina ana ara a yi huɗa, da kaka a kawo mata dammunan gero. In taguwar ta tafi, tukunyar Tasalla ta kife ke nan. Sai dai gaskiya, ranar da taguwar ta kafa kai a komin shan ruwa, mai jan guga yana ji a kafaɗunsa.

Saminu mai unguwa ya sami Tasalla a ƙofar gida. Ya ce, "Inna, mutane na kuka. Kasuwar Gummi mai ci, a kai taguwar a saisuwa."

Ta ce, "To ɗana, in anka sai da ta, kai ka ja mani garma?"

Ta mayar da magana, amma da ta shiga ɗaki kuka ta yi.

A makon nan karatun la'asar na liman, Malam Hayatu, ya kawo ƙissar Samudawa. Ya ce mutane ne masu sassaƙa gidaje cikin duwatsu, a ƙasar da ruwa ke wuya. Aka raba musu rijiya da taguwar Annabi Salihu, rana guda tata, rana guda tasu. Suka soke ta, aka halaka su. Lasifikar masallaci ta kai wannan labari har cikin gidaje.

Washegari ba macen da ta fito da tulu. Marka, matar Saminu da kansa, ta ce masa, "Ni ba ni shan ruwan da anka kori taguwa saboda shi. Yau ranatta ta."

Malam ya yi ta bayani har muryarsa ta dishe. "Waccan mu'ujiza ta! Wagga ko Makau yas sawo ta kasuwa, ina tsaye!"

Matan suka aiko masa, "Malam, kai kak karanta, mu munka ji."

Abin dariya, ita taguwar ba kullum take sha ba. A ranar tata sau da yawa sai ta shinshina komi ta wuce gindin gawo abinta. Rijiya ta wuni ba guga. Kafin safe ruwa ya taru, garau, ba laka, har ya ishi tulunan yini biyu.

Ranar kasuwar Gummi da sassafe Saminu ya yi sallama a gidan Tasalla. Tasalla ta fito da akala a hannu, ta miƙa masa. Ya ja taguwar, tsohuwa na biye. Da suka kai mararrabar hanyar Gummi bai ko kalle ta ba, ya nufi rijiya. Ya naɗe hannun riga, ya zura guga da kansa.

Ya ce, kansa a ƙasa, "Inna, in ruwa sunka sauka, a fara huɗa da gonata?"

Tasalla ta share ido da gefen zane. "Ja guga dai, ɗana. Ba ta ƙoshi ba."