Lambar Maigida

Da damina ta ƙarato, ofishin unguwa ya kawo sabon tsari: in ruwan rafi ya kai wani mataki, na'ura za ta tura saƙo wayar kowane gida, a fice. Lamba ɗaya tak ake karɓa, ta maigida, wai shi ne shugaba. Ba wanda ya tambaya ko shugaban yana kwana a gida.

Akwai wata mai ɗinki a unguwar, mijinta direban babbar mota ne, yakan yi sati uku bai leƙo ba. Gidansu ne na ƙarshe kafin rafi. Surukarta kuwa shekara biyu ke nan ƙafa ta daina ɗaukarta, fitar da ita sai an nemo mutum biyu da baro. Ranar da aka gwada na'urar, saƙon bai shiga wayar direba ba sai bayan kwana biyu, da ya iso inda akwai sabis. Ya kira yana dariya, wai ko har sun nutse.

Zuwan mai ɗinkin ofis na uku ke nan, tana neman a sa lambarta. Ta bar keken ɗinki da rigar mutane a kai, ta zauna a benci har ƙafarta ta yi sanyi. Ma'aikacin ya juyo mata da kwamfutar, ya nuna mata gurbin lambar, ya ce ba shi ya tsara ba, daga sama aka aiko. In maigida na son canji, ya zo da kansa da katinsa. Ta ce kafin ya zo ai ruwa ya riga shi.

"Yaya, ki gane, hannuna a ɗaure yake. Ba a sa lambar mace sai in maigidan ya rasu."

Ta dubi taga. Hadari ya haɗo ta gabas.

"To, rubuta ya rasu."

"Wanda kika ce ya kira ki jiya?"

"Shi. Rubuta."

Ya tsaya da yatsa a kan madannin, ya dube ta, ya dubi layin da ke bayanta. Sannan ya danna, ya ce ta karanto lambarta. Bakinsa ya suɓuce ya ce Allah ya jiƙansa.

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka, saƙon rajista ya shigo. Ta fita neman mai baro, ta ji ko zai riƙa barin nasa a ƙofar gidanta.