Zafin da Uzair Ya Bari a Bututu

Tun da muka binne yayana Uzair ba a kashe kwamfutarsa ba. Ummi ta hana.

Mata ba sa shiga maƙabarta a Makka, kabarin ma ba suna a kansa. To ita nan take zuwa, ɗakinsa, a gidanmu na unguwar Shisha. Ta zauna gaban allon.

Hoton bututu ne a allon. Uzair karatun injiniya yake yi. Ya taɓa yi min bayani: madubai ne ke tara rana su zuba ta kan bututu ɗaya, shi kuma ya sa kwamfuta ta lissafa yadda zafin ke ratsa ƙarfen ya shiga ruwan ciki. Ya kunna lissafin da safe, ya fita, mota ta buge shi a unguwar Kudai. Tun daga ranar jan launin da ke nuna zafi a bututun ƙaruwa kawai yake. Fankar kwamfutar tana huci. Daga falo sai ka rantse mutum ne ke barci a ɗakin.

Ni ba na shiga.

Ran nan bayan azahar Talal ya zo, abokin karatunsa. Hausarsa guntu-guntu ce, haɗe da Larabci; khala yake ce wa Ummi, wato inna. Dole na raka shi ciki. Ya duba, ya duba, ya shafa fuska.

"Ya khala, wannan ba zai gama ba. Abadan. Uzair ya manta bai ba zafin hanyar fita ba. Yana shiga, yana shiga, bas."

"Yana ciki ke nan har yanzu?" in ji Ummi.

"Zafin? Aiwa, yana ciki."

"Don ka ga ba ya nan shi ne za ka ce ya yi kuskure."

"Wallahi da yana nan zagina zai fara yi, sannan ya gyara a ɓoye."

Ummi ta kusa yin dariya.

"Wuri ɗaya ne, khala. In na gyara, kafin magariba ya gama, a kai wa malaminsa da sunansa."

"In ya gama fa?"

Talal ya kalle ni. Ni na amsa.

"Zai yi shiru, Ummi."

Ta daɗe tana kallon jan nan. Ta ɗora tafin hannunta inda iskar ɗumi ke fitowa.

"Yaron nan bai taɓa barin aiki rabi ba," ta ce. "Gyara masa."

Talal ya gyara. Ta ce mu fita, ta rufe ƙofa. Na zauna a falo ina sauraren hucin fankar, ina jiran inda zai yanke.