Gidan Tarihin Malama Lubabatu

"Ƙara ɗaga shi sama, Rashida, na baya ba su gani," in ji Malama Lubabatu daga kan katifarta.

Rashida ta ƙara ɗaga hoton har saman kanta. Ita fa maƙwabciya ce kawai, katanga ɗaya ta raba gidajensu a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, kuma kunun tsamiya ta kawo wa maras lafiya. Sai ga ta tsaye gaban 'yan aji huɗu, sun cika tsakar gidan, wasu kan tabarma, wasu kan turmi, takalmansu jibge a bakin zaure. Tun da ƙafafun Malama suka kumbura ta kasa zuwa makaranta, yaran suka ɗauki al'adar biyowa ta gidan in an tashi.

Hoton wata tsohuwar riga ce mai aska takwas, rataye a bayan gilashi.

"Mi kuka gani?" Malama ta tambaya.

"Riga!"

"Awo, riga. To, in an naɗe ta biyu daidai tsakiya, aikin ɗinkin wanga gefe zai hau kan na wancan?"

Gardama ta kaure. Wasu suka ce zai hau, wasu suka rantse ba zai hau ba. Malama ta lumshe ido tana murmushi, ta bar su suna ta yi. Rashida kuwa, wadda ta bar makaranta tun tana aji biyar, ta leƙo da kanta ta gefen hoton tana kallon rigar, tana naɗe ta a zuci.

Shekarun baya ne aka tura Malama kwas Kaduna. Ranar da aka ba su hutu, abokanta suka tafi kasuwa, ita ta shiga gidan adana kayan tarihi, ba ta fito ba sai da mai gadi ya ce za a rufe. Ta dawo da hotuna cike da wayarta, ta sa aka wanke su manya, aka rufe su da leda. Da su take koyar da kome. Kan wani mutum na yumɓu mai manyan idanu shi ne darasin tarihi. Tsohon tandu da sirdin raƙumi su ne hanyar fatake, daga nan har Agadas. Lissafi kuwa yana cikin zanen ƙofa da saƙar tabarma. Kowane zango sai ta ce wa yaran wata rana za ta kai su su gani da idonsu. Amma hanya ta lalace da 'yan bindiga, ko Shinkafi mutum zai je sai ya yi sallama da iyalinsa kamar mai tafiya Makka.

"Canja, Rashida. Ɗauko na ƙwaryar."

Ƙwarya ce babba, an sassaƙa mata zane an raba ta gida-gida. Malama ta buɗe baki za ta yi maganar rabi da kwata, sai wata murya ta fito daga can bayan randa.

"Ta Innata ce."

Kowa ya juya. Saudat ce, yarinyar da suka yi gudun hijira daga wani ƙauye na wajen Kurya Madaro. Tun da aka sa ta a ajin ba wanda ya taɓa jin ta ce uffan, ko sunanta aka kira hannu kawai take ɗagawa.

"Taho nan, ɗiyata," in ji Malama.

Yarinyar ta taso a hankali, ta ɗora yatsa kan ledar tana bin zanen. "Nan take zuba nono. Mun baro ta kan gado ranar da sunka zo. Ɗakin ya ƙone."

Malama ta miƙa hannu ta dafa kafaɗar yarinyar.

"Wagga 'yar'uwarta ce," Malama ta ce da ita. "Tana Kaduna cikin gilashi. Akwai mai share mata ƙura kullum, akwai mai gadi bakin ƙofa."

"Ba mai ƙona ta?"

"Babu."

Saudat ta daɗe tana kallo. Sannan ta ƙirga gidajen zanen ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, ta ce takwas ne, rabinsu huɗu. Rashida ta juya fuskarta wajen katanga, ta goge ido da gefen mayafi.

Daga wannan makon jikin Malama ya yi nauyi. An kai ta Gusau an dawo da ita, ƙanenta Maccido ya ce likita ya ce a ci gaba da addu'a. Aka hana yaran shigowa. Rashida ta koma kusan nan take wuni, tana yi mata fifita, tana jiƙa mata leɓe da ruwa. Damina ta yi nisa, gero ya fid da kai a gonakin bayan gari, iska tana shigowa ta taga da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Wata ranar Laraba bayan la'asar Malama ta buɗe ido tar, ta kama hannun Rashida.

"Kin ji shi? Jirgi ya iso."

Rashida ta saurara. Jirgin ya daɗe bai zo garin ba, ciyawa ta rufe dogo, awaki ne ke kiwo a kai. Ba ta ji kome ba sai ƙarar wani babur daga nesa.

"Na ji, Malama."

"Yara sun shiga duka? Ki ƙirga su. Mus'ab ya cika leƙen taga, ki riƙe mai riga."

"Sun shiga. Na riƙe shi."

"Ina muke yanzu?"

Rashida ba ta taɓa wuce Gusau ba, amma ta sha jin sunayen a bakin Malama. "Mun wuce Gusau," ta ce. Can an jima ta ce, "Ga Funtuwa." Tana faɗa tana jin kamar ɗakin yana jijjiga a hankali, kamar gonaki suna gudu ta taga, kore shar, ba kowa cikin daji sai manoma da shanunsu, mutane na ɗaga musu hannu. "Zariya ke nan, Malama. Ana sayar da rake."

"Ki saya masu." Numfashinta yana hawa yana sauka. "In mun isa, kada su yi gudu. Ki bar Saudat ta shiga gaba."

"To, Malama."

"Ke ma ki duba da kyau, Rashida. Kin iya kallo. Na lura da ke."

Ba ta ƙara wata magana ba sai kalmar shahada, da Maccido ya laƙƙana mata washegari da hantsi. Rashida na riƙe da ƙafafunta har suka yi sanyi. Ita da wata tsohuwa suka yi mata wanka, kafin azahar maza sun ɗauke ta.

Ana cikin zaman makoki yaran suka iso, jere a bakin zaure. Kowanne yana riƙe da wani abu cikin tafin hannu. Rashida ta fita wurinsu.

"Aikin gida ne," in ji Mus'ab, kansa a ƙasa. "Ta ce kowa ya gina abin da yake so a aje cikin gilashi. Ba mu san wa za mu ba ba."

Na yumɓu ne duka, wasu ba su gama bushewa ba. Akwai saniya mai ƙaho ɗaya, da babur, da rumbu, da 'yar tukunya, da wata rijiya har da gugarta. Rashida ta karɓa ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar kowa sunansa, tana jera su a kan katangar da ke tsakanin gidajen biyu.

Da yamma hadari ya haɗo daga gabas. Mata suka tattara tabarmi suka shige ɗaki. Rashida ta ji ɗigon farko a goshinta, ta dubi katangar, ta ga saniyar ta soma yin duhu. Ta warware mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa, ta shiga sauke su a hankali, tana ajiye kowanne nesa da ɗan'uwansa don kada su gogu.