Ƙanƙarar Zoɓon Mardiyya

Ranar Litinin ce, ƙarshen bazara. Tun ƙarfe bakwai rana ta fito da faɗa, ko ganyen darbejiya ba ya motsi.

Ni Sabiru, a aji biyu na sakandare na ajiye biro. Na yi faci, na sayar da rake a Zango, na bi mota zuwa Dutsi, ba wanda na cika wata uku a ciki. Shi ya sa da Gwaggo Lami, ƙanwar babana, ma'aikaciyar lafiya, ta sa sunana cikin masu aikin riga-kafin shan inna, sai da ta rantse wa shugaban asibitin garinmu cewa na shiryu.

Aikina ɗaya ne: in ɗauki akwatin sanyi a babur in kai mata bakin iyaka, gaba da garin Babban Mutum. An shirya mu da ma'aikatan Nijar mu yi ɗigon rana ɗaya, su ta can mu ta nan, domin cutar ba ta tsayawa a shinge. Ranar kuma makiyaya za su ƙetare arewa da shanunsu, kuma a bakin rijiya ɗaya kawai ake samun yaransu wuri guda.

Gwaggo ta buɗe akwatin ta nuna min. Kwalabe takwas, robobin ƙanƙara huɗu. A jikin kowace kwalba akwai ɗan fari a tsakiyar da'ira.

"Ka ga wannan farin? Ya fara dushewa, yau kwanansu uku a hanya. In zafi ya sa ya yi duhu, maganin ya mutu. Kada ka tsaya, Sabiru. Ko gaisuwa ce, ɗaga hannu."

"Gwaggo, sai ka ce yaro."

"Da yaro ne ai da na huta."

Ta yi gaba a motar haya, aka bar ni ina jiran a sa hannu a takarda. Da na fito, sai babur ɗin ya bi ta ƙofar gidan su Mardiyya, yarinyar da nake nema. Wallahi ba ni na juya shi ba.

Tana zaure da bokitin zoɓo, ta yi tagumi. Kwana huɗu ba wuta, ba ƙanƙara a garin, ga shi ranar kasuwa.

"Likita bokan Turai," ta ce, tana kallon rigar aikina. "Me ke cikin akwatin?"

"Lafiyar duniya."

"To duniya ta ji daɗi. Ni zoɓona ya zama shayi."

Na lissafa a raina: minti goma ba za su kashe magani ba. Na ciro robobi biyu na tsoma mata a bokiti. Ta yi murmushin da ban taɓa samu ba, ko ranar da na kai mata turare. Sai na ƙara sauran biyun. Murfin akwatin ma ban tsaya danna shi ba.

Daga nan mahaifiyarta ta aiko da ɗanwake. Ɗanwaken surukai kuwa ba a ci a tsaye. Babanta ya fito, ya tambaye ni ko gaskiya ne har Turawa sun san da aikin nan. Na ce sun sani, har ƙasashe ke haɗuwa a kansa, na yi masa bayani dalla-dalla kamar ni na tara su. Inuwar da na ajiye babur ta tashi ta bar shi a rana. Kiran azahar ne ya farkar da ni. Na tsamo robobin daga bokiti, na mayar cikin akwati, na ja babur.

Na tarar da Gwaggo a gindin tsamiya, tare da wani dogon ma'aikaci daga Nijar, Malam Ikrima. Shanu sun sha ruwa, mata sun jera da goyo. Gwaggo ta buɗe akwatin. Ta ɗaga kwalba, ta ɗaga ta biyu. Farin ya yi duhu, ya saje da da'irar. Ta ciro roba ɗaya, ta shinshina.

"Sabiru, me ya sa ƙanƙarata ta yi ja?"

Malam Ikrima ya karɓa ya lasa. "Hajiya, har da citta. A Najeriya haka kuke adana magani? Ku koya mana."

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ya buɗe nasa akwatin, ya raba mata abin da ya rage, suka hau ɗigawa da sauri, ni ina shafa wa yara tawada a ɗan yatsa, ban ɗaga kai ba. Maganin ya ƙare da sauran layi. Makiyayan suka jira kaɗan, sannan suka kora shanu suka ƙetare.

"Gobe ka mayar da rigar," in ji Gwaggo. "Ni zan je in warware rantsuwata."

Abin da aka rasa: kwalabe takwas, ɗigon yara ɗari da sittin. Yara goma sha ɗaya sun wuce ba a ɗiga musu ba. Sai aikina, a kwana na uku.